Nauyin Bagaruwa

Kakana Jabbi bai taɓa riƙe ma'auni ba.
Yakan ɓalle bagaruwa ɗaya ya tauna,
ya runtse ido, ya tofar,
ya ce, "Wagga ta Wurno ta, ta kai.
Waccan ruwa ya ɓata ta, a ba awaki."
Shekara hamsin yana tsugune gaban kwatarniyar jima,
har tafin hannunsa ya rine,
rinin da sabulu ya gaji ya ƙyale.

Ni kuwa farar riga aka ba ni,
da ɗaki mai sanyi a tsakiyar zafin Sakkwato.
Sanyin ma ba don ni ba,
don na'ura ne, ni raɓa nake yi.

Na daka bagaruwarsa, na jiƙa, na tace,
na sake tacewa har ta koma kamar shayin marowaci.
Ɗigon da bai kai hawayen sauro ba
na ɗura mata ta bakin allura.

A cikinta babu iska ko ta numfashi ɗaya.
Can take ɗora wa kowace ƙwaya cajin lantarki,
ta sake su su yi tsere a bututu.
Mara nauyi ta riga isa,
mai nauyi ta biyo baya tana jan ƙafa,
ita kuwa tana bakin ƙofa tana ƙirga.

Ranar Talata aka ɗauke wuta.
Sahabi ya ruga wajen janareta, ba mai.
Kwana biyu muna jiran famfo
ya sake zuƙe iskar da ta kutsa,
muna cin gyaɗa, muna harara bango.

Da ta farfaɗo sai layi ya miƙe a allo,
ya yi tsini a ɗari da sittin da tara,
ya faɗo, ya yi rarrafe,
ya sake tashi a ɗari biyu da tamanin da tara.
Na buɗe kundi na samo sunayensu,
sunaye masu sarƙe harshe.
Ashe su ne baurin da ke kama fatar jar akuya
ya hana ta ruɓa.

Ta Wurno ce ta fi tsini.

Na kira shi bayan la'asar na faɗa masa.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Kwana nawa kuka yi?"
Na ce tara.
"Da kuɗɗin gwamnati?"
Na yi shiru.

Amma can gefe akwai wani ɗan tsini,
gajere, kamar ƙaya a dunduniya.
Na bi kundi shafi-shafi, babu shi.
Sahabi ya ce datti ne, in wanke bututu.
Na wanke sau uku. Yana nan.

Sai na ɗauki fensir,
a gurbin da ake rubuta suna
na sa alamar tambaya,
a ƙarƙashinta, ƙanana yadda oga ba zai lura ba,
na rubuta: a kai wa Jabbi ya tauna.