Ajiyar Tabawa

A Ƙofar Ruwa na saye ta, cikin tarkacen gwanjo,
tsakanin matacciyar fanka da keken ɗinki marar ƙafa.
Mai kayan ya rantse sandar makafin Turawa ce.
Na biya, ban yi musu ba.
Kwana uku tana kwance a shagona na gyaran rediyo
kafin ta buɗe baki ta yi tsuwwa.

Ran Lahadi, bayan an yanke dawa,
na bi ta Kabuga na ɓulla bayan Ɗorayi,
inda gari ke cin gona loma-loma.
Ta Baba Nomau ce ta rage,
kamar haƙori ɗaya a bakin tsoho,
bulo gabas, bulo yamma.

Ya ce, "Me ka yar?"
Na ce, "Ban yar da komai ba, Baba."
Ya ce, "Mai neman abin da bai yar ba,
in ba ɓarawo ba ne, to a duba kansa."
Ya gyara zama a gindin ɗorawa
don ya ga wanne ne ni a ciki.

Ta yi kuka: marfin lemo.
Ta yi kuka: ƙusa.
Gwangwanin tumatir, ruwan fartanya da ya rabu da ƙota,
batir, cokali, wata ƙusar.
Yara suka yi mini zobe,
wai ga mai farautar tukunyar aljanu.
Gumi ya cika mini kunne,
na fara lissafin kuɗin da na zubar.

Sai dab da la'asar, a kunyar ƙarshe,
muryarta ta sirance
kamar mai sallama a ƙofar surukai.
Na durƙusa. Taki ɗaya na tona.

Anini.
Huda a tsakiya, ƙasa ta toshe ta.
Na tofa yawu, na murza a gefen riga,
tauraro ya fito,
da sunan wani sarkin ƙetare
da ko mai shayin unguwarmu bai san shi ba.
Ga kwabo. Ga sisi ya yi baƙi.
A ƙarƙashinsu bakin fasasshen tulu,
cikinsa wuri fal, fari tas,
wanda na'urar ta wuce ta kansa ba ta ce uffan ba.
Ƙarfe kaɗai take ji.

Ban san sa'ad da tsohon ya taso ba.
Ya karɓi aninin, ya busa hudar,
ya leƙa rana ta ciki da ido ɗaya.

"Nan bukkar kakata take.
Tabawa mai daddawa.
Da aka ce an daina karɓar wuri, ba ta yarda ba.
Kuɗin Bature ma ba ta yarda da shi ba.
Ashe binne su ta yi tare
ta ga wanda zai riga mutuwa.
Shekarar fara ta tafi, ba ta gaya wa kowa ba.
Babana ya rushe ɗakin nan har ƙasa yana nema."

Ya yi dariya, har tari ya sarƙe shi.
Daga nan ya yi shiru.
Na ga turakun masu awon fili
guda huɗu, jan fenti bai gama bushewa ba.
Ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba.

Ya cire hula ya kwashe wurin a ciki,
ɗaya-ɗaya, leɓensa na motsi.
Aninin ya danƙa mini: "Ladan tono."

A hanya mai adaidaita ya ce,
"Hannu ko tiransifa?"
Na laluba aljihu, na taɓo ta da ɗuminta.
Yanzu tana rataye a ƙusa, saman teburin aiki,
a ɗaya daga cikin ƙusoshin da na tono.