Mai Tsaron Gefe

Filin Samaru, bayan la'asar,
ruwan jiya bai gama tsanewa ba.
Ni ne na gefe, dab da farin layi,
inda ciyawa ta fi tsawo
kuma mai gyaɗa ke sauke farantinta.

Ƙwallon nan tamu a hannu take yawo.
Kamar gwanda take, tsini biyu,
da ɗinki a ciki kamar an yi mata tiyata.
Ran da na nuna hotonta a Tudun Jukun
Baba ya juya wayar sama da ƙasa,
ya ce, "Likitan dabbobi na tura ka ka zama,
ko ɗan kokawa?"

Makon jiya 'yan Kongo sun sayar da ni a tsaye.
Na ja baya, na ƙara ja,
idona a sama kamar mai gadin 'yan tsaki,
ina jiran doguwar jifa,
ashe ɓarnar a ƙasa take.
Mai cafka bai ruga ko'ina ba.
Taku ɗaya ya yi baya, ya buɗe tafi,
aka cilla masa ita gajeriya, a kaikaice,
ƙarti biyu suka zame masa katanga,
ya bi inuwarsu ya sulale.
Abin da na samu a ranar
lambar bayan rigarsa ce: sha ɗaya.

Koci Jatau bai yi faɗa ba.
Da ma ya yi, da na huta.
Tsugunawa ya yi, ya tsinci tsinke,
ya zana mini a laka:
"Nan kai. Nan shi. Nan katangarsa.
Daina kallon ƙwallo, Tanimu, maƙaryaciya ce.
Kalli ƙafa. Mai niyyar nisa
ba ya fara tafiya da baya.
In ka ga ƙartin tsakiya sun saki namu ba gardama
sun kwararo gefenka,
ruwa ba ya tsami banza.
Gefen nan gonarka ce.
In za a taka ka, a taka ka,
amma kada kowa ya bi ta waje.
Kora shi ciki, 'yan'uwanka suna can."

Na ce, "To wa zai kama shi?"
Ya ce, "Ba kai ba."

Yau ga su kuma.
Hadari ya haɗo ta wajen Kufena,
sha ɗaya na gabana yana gyara safar hannu,
yana kallon nesa, kallon da ya yi yawa.
Aka ƙirga. Aka saki.
Diddigensa ya koma baya.

Zuciya ta ce, in tarko ne fa?
In ka taho ya wuce ka, ta bi ta samanka?
Sai ga Dogara, ƙaton nan mai karatun lauya,
ya baro tsakiya yana haki,
kuma irinsa ba ya fitowa shan iska.
Na tafi.

Na ba shi kafaɗar ciki.
Ji na yi kamar tifa ta kwashe ni a Kwangila.
Amma hannuna na waje yana sake,
ƙafata tana kan iyakar gonata,
sha ɗaya ya leƙo, ya ga ba ƙofa,
ya karya ciki,
inda Ishaya ɗan Wusasa ke tafe da gudunsa duka.

Ban ga kamun ba. Ƙararsa na ji.
Fili ya ɗauka: Ishaya! Ishaya!
Ni ina kwance, laka a haƙori,
ina lissafin haƙarƙarina ɗaya bayan ɗaya
kamar yadda muke yi wa na tunkiya a aji.
Duk suna nan.

Can nesa Koci Jatau ya ɗaga tsinkensa,
ya mayar baki. Shi ke nan.

Da aka tashi, yayyafi ya fara,
na je sayen gyaɗa ta ɗari.
Yarinyar ta dube ni sama da ƙasa,
ta ce, "Kai dai kullum kai ake kayarwa."
Ta ƙara mini gyara.