Tsibirin Kuza

Bayan Bukuru kwalta ta ƙare,
sai jar hanya, kerana dama da hagu.
Sakina na ƙirga ramuka da yatsa,
ta kai sha bakwai ta haƙura.

Ga tafkin, kore shar, ko motsi babu.
"Ba kogi ne ya haife shi ba,"
in ji Dalyop mai kwalekwale,
"hannun mutane ne, da diga, da kwano.
Kar yarinya ta sa ƙafa,
gora uku ba sa taɓo ƙasansa."

Mun zauna tsakiya kamar buhunan acca.
Kwalekwalen na shan ruwa ta gindi,
ni ke kwalfewa da gwangwanin manja,
ina karanta abin da na haddace tun ina yaro,
Dalyop na dariya da haƙori huɗu.

Tsibirin ƙasar rami ce da aka tara,
aka manta da ita, ta yi ciyawa,
ta yi gwaiba, ta yi gida bakwai,
da majami'a mai rufin kwano guda tara,
da akuya ɗaya mai kallon baƙi
kamar mun zo da takardar haraji.

Ngo Kachollom ta fito da gwate a ƙwarya,
da zafinsa, yakuwa ta ji, gauta ya ji.
Na ce na ƙoshi. Ta ce, "Ƙarya kake,
wanda ya haye ruwa bai ƙoshi ba."
Na sha, na ƙara, gumi ya karyo.

A bayan ɗakinta na ga kwanon,
baki ya lanƙwashe, gindi ya sha faci,
da shi take ban ruwan kabeji.
Na ce, kakana Tanimu ya ɗauki irinsa
shekarar diban gwamna,
aka kwaso su daga Kankiya da rigar shara-shara,
sanyin dutse ya cinye rabin ayarinsu.
Shi ya koma gida da tari
da tsakiyar kai wadda gashi bai sake tsirowa ba.

Ta daɗe tana dubana.
Ta ce, "Gonar ubana tana ƙarƙashin ruwan nan.
Naka ya haƙa, nawa ya rasa,
wanda ya ci kuwa ba ya cikinmu.
Ƙara gwaten."

Da la'asar muka koma cikin gari,
gidan tarihi, kusa da gidan namun daji.
Tsohon jirgin ƙasa na tsaye kan guntun dogo,
tsatsa ta yi masa lalle har gwiwa.
Sakina ta bi allunan tana haɗa baƙi:
sunan kamfani, sunan injin, nauyin kuza.
"Baba, ina aka rubuta Tanimu?"
Na ce mu shiga ciki, rana na yi.

A ciki, bayan gilashi, kan yumɓu na Nok,
ido a huje, leɓe a buɗe,
kamar wanda aka katse wa magana
shekara dubu biyu da suka wuce.
Mai gadi ya ce masu haƙar kuza suka tono irinsa,
wani ma a gona aka kafa shi yana korar tsuntsaye.
Sakina ta manna hanci a gilashin:
"Goshinsa irin naka ne."

Ban saya mata jakar Naraguta ba,
kuɗin sun tafi a mai da kwalekwale.
Da dare, ina cire mata takalmi,
baƙin yashi ya zubo kan tabarma,
mai nauyi, yana ƙyalli a hasken fitila.
Uwarta ta ɗauko tsintsiya.
Na ce, dakata tukuna,
miƙo min kwalbar turaren nan da ta ƙare.