Matakala Ɗari da Goma Sha Huɗu

Gidana na bisa tudun Cordillera,
matakala ɗari da goma sha huɗu daga titi.
Shekara talatin ina sauke buhu a tashar jiragen Valparaíso,
ban taɓa ƙirga su ba.
Sai da ɓarin hagu ya yi mini yaji wata Talata,
cokali ya faɗi, baki ya karkace,
sannan na koyi lissafi.

Wata huɗu na yi a layin asibitin gwamnati.
Ran da aka kira "Eleuterio Barría!"
har na manta ni ne.
Ɗakin gashi: gado shida, mu goma sha ɗaya,
injin ɗumama tsoka lulluɓe da zane
kamar gawa mai jiran dangi.
Ivonne, furfura a goshi, takalmin roba,
hannunta na wuyan wani,
idonta na gwiwar wata,
bakinta na kaina: "Kar ka ja ta, ɗaga ta!
Ƙafa ce, ba buhun albasa ba."
Kayan aikinta sandar tsintsiya,
gorar lemo cike da yashin teku,
da agogon da bai san tausayi ba.
Minti goma sha biyu ne rabona.
A cikinsu ta yi tambayar da babu a takarda:
"Matakala nawa ne zuwa ƙofarka?"

'Yata Maritza ta ce wannan kasuwa ce, ba jinya ba.
Ta ci bashi, ta kai ni Viña del Mar,
asibitin kuɗi, daɓe na sheƙi
har sandata ta ji kunya.
Fabián yaro ne, gemu bai gama haɗewa ba,
na shiga da raini a aljihu.
Awa guda cur ya ba ni.
Ya bi kafaɗata da yatsa
kamar mai laluben allura a tabarma,
ya tsaya: "Nan ne."
Ciwon da ya hana ni barci tun Yuni,
ashe ƙashi ne ya zame daga mazauninsa,
ba wanda ya sami sukunin dubawa.
Ya tallafe, ya ɗaure. Daren nan na yi minshari.
Sai dai injin tafiyarsa shimfiɗaɗɗe ne,
ka yi ta tafiya ba ka je ko'ina ba,
allo na yabonka da korayen lambobi.
Bai tambayi inda nake kwana ba.

A zuwa na shida kuɗi suka ƙare.
Ina ɗaura takalmi da hannu ɗaya ya ce,
"Wa ya koya maka jefa diddige haka?"
Na ce wata mafaɗaciya mai gorar yashi.
Dariya ta zaunar da shi:
"A hannunta na koyi aiki.
Ta taɓa fitar da ni waje
don na taɓa majinyaci da hannu mai sanyi."

Na koma layi.
Na ba Ivonne labarin kafaɗa. Ta yi shiru,
ta laluba wurin, ta ce, "Ya gani, ni ban gani ba."
Ba ta kawo uzuri ba,
alhali uzurin na kwance a gado shida.
Tun ranar da kafaɗa take farawa.
Minti goma sha biyun bai ƙaru ba.

Maƙwabta na tambaya wa ya fi iya aiki.
Ni ɗan dako ne:
ba na yanke wa mutum ƙarfi
sai na ga abin da aka aza masa.

Yau na kai ta saba'in da uku.
Na zauna ina haki,
jiragen ruwa can ƙasa kamar takalman yara.
Hannun da Fabián ya gyara na riƙe da ƙarfen gefe,
ƙafar da Ivonne ta yi wa tsawa
na rawa, wai a tashi.
Maritza na kira daga sama, miya za ta huce.
Saura arba'in da ɗaya.