Bayan An Ɗauke Wuta

Saura ƙiris a san wanda ya sace wasiyyar
sai wuta ta ɗauke.
Tele ya koma baƙin allo.
Mu bakwai, benci ɗaya da tabarma,
Zengo ta yi tsit,
sai injin mai kanti can nesa yana tari.

Zabeiru tela ne ya fara.
Ya ce shi labarin bai dame shi ba,
rigar lauyan nan ce ta hana shi sakat:
kafaɗa ta zarce, hannu ya gaza,
wanda ya ɗinka ta ko yaron shagonsa bai kai ba.
Kashi arba'in muna bin shirin nan,
ashe shi ɗinki yake kallo.

Kanta ya tofar da tsinken baki.
Ya ce ku bar wannan, jiya na ga wani na faɗa,
mota ta faɗo daga gada, ta yi juyi uku,
mutum ya murɗa makulli, ta tashi!
Shekara sha biyu ina kwance ƙarƙashin motoci a tasha,
tawa ko raɓa ta sha sai an tura.

Ari, ƙaraminmu, mai kati cike da zanen Japan,
ya buɗe baki muka tare shi:
ai wannan na yara ne,
ido kamar faifai, gashi kamar ƙayar aduwa,
naushi ɗaya sai an kwana uku ana shirin kai shi.
Ya ce to.
Ya hura gawayi, ya gyara zaman buta.
Can ya ce, akwai wata tsohuwa a ciki
mai dafa wa yaron miya.
A kashi na tara yaron ya dawo daga yaƙi
ya tarar da tukunya a wanke, a kife.
Ba wanda ya yi magana a zanen, iska kawai.
Na ajiye waya na fita waje.
Mu ma ba mu ce uffan ba.
Mun san tukunyar da yake nufi,
a Garin Malam, bara da damina.

Cima mai awara tana kwashe kaskonta
ta ce ni tambayata ɗaya ce:
duk finafinan nan naku, wa ke ɗebo musu ruwa?
Mace ta kwana biyu tana kuka, kwalli bai zuba ba,
ta murɗa famfo, shaa, ko godiya babu.
Ni tun asuba jarkata ke riƙe mini layi.
Ran da suka nuna mai garuwa yana gardama kan dala biyar,
ku aiko a kira ni.

Shayi na uku ya zagayo, mai zaƙi, marar ƙarfi.
Suka ce kai fa, malamin lakwal?
Na ce wanda na so, ba abin da ya faru a ciki.
Wani tsoho ne ke jiran jirgin ƙasa,
ya ɓare lemo, ya ba kare ɓawon, kare ya ƙi.
Kanta ya ce, jirgin ya zo?
Na ce bai zo ba.
Ya ce to an cuce ka.
Ban gaya musu a asibiti na kalle shi ba,
waya jingine da kwanon sha,
Baba na farkawa yana tambaya, ya zo?
ina cewa, saura kaɗan.

Wajen sha ɗaya wuta ta dawo.
Yara suka yi ihu daga nan har Birni.
Tele ya farka, sunaye na hawa sama, an gama.
Zabeiru ya rantse lauyan ne ɓarawon,
mutum mai irin wannan riga ba abin da ba zai yi ba.
Ari ya wanke kofuna.
Ya ɗauki butar zai kife ta,
ya fasa,
ya ajiye ta a tsaye.