Kuɗin Jirgin Balkisa

Ni aka ba sikeli.
Ban roƙa ba. A fadarmu ta Bukoki,
shayi na biyu bai ma sauka daga gawayi ba
suka ce: kai ka ci lissafi a lakwal,
kai za ka sa wa jirage kuɗi.

Mu goma sha bakwai ne a wasan,
muna fataucin gishiri da ƙanƙara tsakanin taurari,
kowa ya ƙera jirginsa, ya kawo kasuwa.

Na rubuta ƙa'ida a bayan takardar kuɗin wuta:
nauyin ƙarfe, sau uku;
kowane inji, ɗari biyar;
cikin da ke ɗaukar kaya, a auna shi da tiya.
Na ce shi ke nan, an kashe gardama.

Sai Tanimun.
Ya shiga hanjin wasan da dare,
ya sauya lamba ɗaya tak,
injinsa ya koma nauyin gashin zabo.
Ya liƙa arba'in a jikin akwati,
akwati fa, ko taga babu,
sikelina ya ce: kuɗin burodi.
Kafin Juma'a ya kwashe gishirin duniyoyi uku,
ya bar mu muna sayar wa juna iska.
Na ce ka yi zamba.
Ya ce nuna mini layin da na taka.
Na duba takardar. Babu.

Balkisa kuwa dare goma sha tara ta yi,
bayan ta tashi daga shagon magani,
a tsohuwar na'urar wanta mai zafin dutsen guga.
Sau biyu wuta ta ɗauke, aikin ya bi ta.
Ta ƙera shi siriri, baki a ɗage,
irin kwalekwalen da ke sauke kabewa bakin gada,
ta sa masa shuɗiyar fitila a baya
wadda ba ta da aikin komai.
Na aza a sikeli.
Ɗari uku da ashirin.
Ba ta ce uffan ba. Kofinta kawai ta kife.

Na kwana ina juyi.
Da safe na tafi Katako wurin kawu Abarshi,
mai narka gwangwani ya zuba tukwane.
Na ga ya ɗora tukunya a kilo, ya faɗi lamba,
sannan ya ƙwanƙwasa gefenta da zobe,
ya kasa kunne, ya ƙara dala ɗari.
Na ce kawu, ƙarin fa na mene ne?
Ya ce ba ka ji ba?
Na ce ban ji ba.
Ya ce to je ka sayi roba.

Na dawo da amo a kunne, ba lamba.
Yaya zan koya wa na'ura zobe?
In na sa kuɗin dare, kowa zai ce shekara ya yi.
In na sa kuɗin kyau, a idon wa?
Seyni zai zaɓi na ƙaninsa,
ni ma, tsakani da Allah, na san wanda zan zaɓa.

Abin da na iya ke nan:
sikeli ya faɗi ƙasan farashi, ya ja bakinsa,
sauran a bar wa ciniki,
albarka, ƙara dai, Allah ya ba mu sa'a;
inji kuma a biya shi da ƙarfinsa, ba nauyinsa ba.

Jirgin Balkisa ya tashi a dubu biyu.
Tanimun ne ya saya, da kuɗin gishirinmu.
Ya cire fitilar don rage nauyi,
kwana biyu ya mai da ita, bai gaya wa kowa ba.
Na gan ta ta wuce ni a bayan wani jan wata,
ƙarfe ɗayan dare, zafi ya hana Yamai barci,
ni ina jan ƙanƙarar da ba ta sanyaya kowa.

Yanzun nan ya aiko mini saƙo:
ka duba layi na huɗu.