Ƙadangaren Shafi na Tara

Bayan isha'i, in na rufe shagon gyaran rediyo,
hannuna yana warin dalma,
Tasi'u kan jawo littafin daga ƙarƙashin katifa.
Shi ke nan guda ɗaya, yau wata bakwai.
A 'Yar Kutungu na saye shi, bango a yage,
labarin jaki ne da ya ɗauko gishiri ya ɓata hanya.

Shekararsa tara.
Ƙanwarsa Mansura ta tsere masa aji biyu,
ita ke karanta wa kakarsu takardar magani.
Shi ko b da d sun maishe shi abin wasa,
yau wannan ya juya tumbi gabas, gobe yamma,
kamar tagwaye masu musayar riga.
Malama Sa'ade ta rubuto da jan biro:
a ƙara ƙoƙari a gida.
Na ninke takardar, na cusa a aljihu
tare da ƙusoshin wata rediyo.

Ni da ke jin ciwon akwati tun ban kwance shi ba,
na rasa wayar da ta tsinke a nan.
Wataƙila babu wadda ta tsinke.
Wataƙila tashar ce ban iya kamowa ba.

Yatsana na bin layi, baƙi bayan baƙi,
nasa yana yawo a gefen takarda
kamar akuyar da ta ƙwace wa turke.
Na ce, nan za ka duba.
Ya ce, Baba, ga shi.
Na ce, nan!
Murya ta fi ƙarfina, har uwarsa ta ɗaga labule.
Bai yi kuka ba. Yatsan dai bai gusa ba.
Sai na duba.

Ƙadangare ne, bai kai ƙwayar shinkafa ba,
maƙale a bayan rumbu.
Shafi na biyu, yana bisa mangala.
Na uku, cikin inuwar mai tallan fura.
Sau nawa na karanta littafin nan?
Ban taɓa ganinsa ba.
Ni jaki nake bi, don shi aka rubuta.
Yaron nan tun ranar farko
yana rakiyar wanda ba a ambata ba.

A shafi na tara babu shi.
Mun duba ƙarƙashin gada, cikin rafi, kunnen jaki.
Tasi'u ya dafe takardar da tafi biyu:
ba za mu wuce mu bar shi ba.
Kwana huɗu jaki na tsaye cikin ruwa,
gishiri na narkewa, mu muna jira.
Ran na biyar na miƙa masa birona na shago.
Ya zana sanda, ya yi mata ƙafa biyu,
ya lanƙwasa mata wutsiya a sama.
Ya ce, ya dawo.

Na daɗe ina kallon abin.
Na ce, ka san wannan yana da suna?
Ƙa. Da shi ƙadangare ke farawa.
Ya ce ƙa, daga can cikin maƙogwaro,
ya sake, ya sake, har Mansura ta ce a bar ta ta yi barci.

Ba zan ce ya iya karatu ba.
Har gobe b da d suna musayar riga.

Amma ran Asabar, ina goye da shi a babur,
daidai Ƙofar Ƙaura ya daki bayana.
Tsaya!
Na taka birki, mai a-daidaita ya zage ni.
Yana nuna allon wani shago:
Kofar Kaura, manyan baƙaƙe, ba lanƙwasa.
Baba, biyu ne. An yanke masu wutsiya.
Na ce, haka masu fenti ke yi.
Ya yi shiru har muka wuce masu lemo,
sannan ya kwantar da kai a bayana,
ya ce, ba komai, ai tana sake tsirowa.